Angulu a Gwiwar Hagu

Gwiwar hagu aka yi wa Mama aiki, amma ƙafar dama muka yi ta lanƙwasawa har makonni suka shuɗe. Duk wanda na ba wa labarin nan sai ya kalle ni kamar zai ce gidanmu babu mai hankali. To akwai. Hankalin ne ma ya yi mana yawa, musamman a wurin Yaya.

Mama tela ce. Ɗakuna biyu gare ta a ƙasan wani dogon gini. A na ciki take kwana, na waje kuma mai kallon titi nan kekenta yake, baƙin keke na ƙafa wanda zanen jikinsa ya koɗe a daidai inda hannunta ke gogawa. Da keken nan ta riƙe mu bayan rasuwar Baba, ni da Yaya, kuma shi ne ya cinye mata gwiwa a hankali. Ranar da likitoci suka ce sai an sa mata ta ƙarfe, ba ta tambayi zafi ba, ba ta tambayi haɗari ba. Cewa ta yi, "Zan koma kan keke?" Aka ce za ta koma idan ta bi abin da aka gaya mata. Ta ce to a yanka.

Yaya bai so wannan amsa ba. Yana da gida a can ɗaya gefen gari, kuma ya daɗe da ware wa Mama ɗaki a ciki, an yi fenti, an sa gado, an sa mata har da kujera mai laushi. Kullum maganarsa ɗaya ce: ta huta haka nan, ta dawo wurinsa. Ita kuma kullum amsarta ɗaya: wanda ya gaji shi ke hutawa. Ana gobe za a shiga da ita suka yi yarjejeniya a gabana. Idan gwiwa ta warke har ta iya zama a kan keke ta taka, za ta ci gaba da zamanta a gidanta, ba mai sake tayar da zancen. Idan ta kasa, za ta koma gidansa, a lulluɓe keke a kai sito.

"Na yarda," in ji Mama. "Sai ka fara neman wanda za ka sa a ɗakin naka, Babba, don ni dai ba yanzu ba."

Aiki ya yi kyau. Ranar sallama likitar gashin ƙashi ta zo, wata doguwar mace mai tabarau, baƙuwa ce a garin, ba ta jin Hausa ko ta zo in kashe ki. Mama tana gyangyaɗin magani, ni ina haɗa kaya a jaka, don haka Yaya ne ya bi ta baranda. Dama shi ne Baturen gidanmu. A kamfanin sayar da tikitin jirgi yake aiki, Turanci a bakinsa kamar ruwan famfo. Abin da muka manta shi ne, shi da lissafi tun suna firamare ba sa ga maciji. Ina hango su ta ƙofa, likita tana magana da sauri ana kiranta a wani ɗakin, Yaya yana gyaɗa kai irin na wanda ya riga ya gane kafin a gama.

Ya dawo yana gyara wuyan riga. "Ta ce kullum a riƙa lanƙwasa ƙafa, right angle."

Mama ta buɗe ido ɗaya. "Rayit me?"

"Angle, Mama. Wato ɓangare. Mu a ofis kullum muna faɗa, a duba magana ta wannan angle ɗin, a duba ta wancan. Right kuma dama. Ɓangaren dama ke nan."

Na ce, "Yaya, ai hagu aka yanka."

Ya yi min irin kallon da yake min tun ina rarrafe. "Auta, yi tunani mana. Ƙafar da aka yanka ai hutu take so. Mai lafiyar ce za a ƙarfafa don ta ɗauki nauyin 'yar'uwarta. Ilimi ne."

Gaskiya maganar ta shiga kunne. Haka maganar Yaya take, ko babu komai a cikinta sai ta zo da hula da takalmi. Mama ta yi dariya har ɗinki ya motsa ta ce wash. "Angulu dai? Yau ga ikon Allah. Na zo asibiti da gwiwa, za a sallame ni da angulu."

Daga ranar sunan ya zauna. Mama kuwa ba ta san yin abu rabi da rabi ba. Da safe kafin in tafi gidan burodin da nake aiki sai in same ta a kwance tana naɗe ƙafar dama tana miƙewa, tana cewa angulu ta tashi, angulu ta sauka. Da yamma in dawo in tarar tana yi. Ta hagu kuwa tana miƙe a kan matashi, an shafa mata mai, an rufa mata tawul, ba mai taɓa ta. Idan masu kawo ɗinki suka leƙo gaisuwa, Mama takan nuna musu keke da haɓa ta ce su ajiye yadinsu, ta kusa. Ƙafar dama ta yi laushi har Mama na iya kai diddigenta kusa da cinya, abin da ni da ƙuruciyata ba na iyawa sai da nishi.

Ranar komawa asibiti Mama ta ci ado kamar mai zuwa karɓar kyauta. Ana kwantar da ita a gadon gwaji, tun likita ba ta ce komai ba, ta kama ƙafar dama ta naɗe ta tsaf, ta kalli likita tana murmushi. Likita ta yi dariya ta tafa mata, sannan ta nuna ta hagu. Mama ta kalli Yaya. Yaya ya kalli likita. Likita ta sa hannu a ƙarƙashin gwiwar ta ɗaga a hankali, gwiwa ta ɗan rusuna kaɗan ta tsaya cak, Mama ta saki ƙara.

Dariya ta bar fuskar likita. Ta ciro wani ma'auni na roba mai hannu biyu kamar almakashi, ta ɗora a gefen gwiwar, ta duba, ta sake dubawa. Sai ta juya ga Yaya ta fara tambaya. Turancina na kanti ne, amma ya ishe ni in gane lokacin da mutum ke nutsewa. Yaya ya yi bayani da hannu da baki, yana nuna dama, yana nuna hagu. Likita ta cire tabarau ta dafe goshi.

"Me ta ce?" in ji Mama.

"Ta ce... akwai ɗan bambancin fahimta."

"Yaya," na ce, "ina jin rabi. Ka faɗi duka ko in ƙarasa maka."

Ban taɓa ganin hukunci irin wannan ba, a ce mutum shi ne mai laifi kuma shi ne tafinta. Likita tana faɗa, Yaya yana juyawa da Hausa, gumi yana bin wuyansa. Ashe angle a asalinta kalmar lissafi ce, sunan kusurwa, inda layi biyu suka haɗu. Wancan ɓangare da suke faɗa a ofis aro ne aka yi daga nan, don wanda ya canza kusurwar da yake tsaye ya canza abin da yake gani. Right kuma a wannan wurin ba dama ba ce. Daidai take nufi, tsayayya. Likita ta nuna kusurwar ƙofa, ta naɗe gwiwar hannunta ta nuna, sannan ta kama gefen zanen gado ta ɗaga kusurwarsa a gaban Mama. Layi ɗaya a kwance, ɗaya a tsaye, digiri casa'in. Haka ake so gwiwar da aka yanka ta naɗe, don sai da haka mutum ke zama a kujera ƙafarsa ta taka ƙasa.

Mama ta karɓi gefen zanen ta jujjuya. "Au, wannan? Ai ita nake fara daidaitawa a kowane yadi kafin in sa almakashi. Ita ce angulun?"

"Ita ce, Mama."

"Rayit ɗin kuma dama ce, kuma daidai ce?"

"Har haƙƙi ma right ne," in ji Yaya da ƙaramar murya.

"Masu yaren nan akwai rowa. Kalma ɗaya aiki uku, ba ko hutu."

Likita ta dafa kafaɗar Mama ta ba da haƙuri, ta ce ita ma da laifinta, da ta tsaya ta nuna da hannu ba ta bar magana a baranda ba. Sannan ta faɗi mai ɗacin. Naman da ke warkewa a cikin gwiwa yana ƙamewa ne a yadda ya sami ƙafar. An bar ta a miƙe, ya fara kama ta a miƙe. Akwai sauran dama, amma ƙofar tana rufewa. Idan ba a kai ta casa'in nan kusa ba, Mama za ta yi tafiya, amma zama a kan keke sai dai labari. Kuma lanƙwasawar yanzu za ta yi zafin da ta farko ba za ta yi ba.

Ina kallon Mama lokacin. Ba ta yi kuka ba, amma hannunta ya damƙe zanen nan har jijiyoyi suka fito. Ni kuwa zuciyata tafasa take, da Yaya ƙanena ne da ya sha mari a gaban likita.

Shi kuma, maimakon ya yi shiru, sai ya matsa kusa da likita ya rage murya. Na tsinci keke, na tsinci shekaru, na tsinci hutu. So yake ta gaya wa Mama da bakinta cewa ta haƙura da ɗinki. Likita ta mayar da tabarau ta kalle shi ta samansu, ta ce, "What's your angle?"

Kunnen Mama ya kama kalmar. "Wata angulun ce kuma?"

Yaya ya yi kamar bai ji ba. Na taka masa ƙafa.

"Wai... me nake nema a ciki," ya ce. "Haka suke cewa idan suna zargin mutum yana da wata manufa da bai faɗa ba."

"To," in ji Mama. "Angulu ba ta jewar banza ke nan. Ashe su ma sun san ta."

Muka shiga mota, Yaya na tuƙi, har muka wuce gada. Mama tana baya, ƙafa a miƙe a kan kujera, tana kallon ƙeyar Yaya. Can ta ce, "Babba, tambaya ɗaya zan yi maka. Da gangan ka yi?"

Motar ta ɗan karkace. Ya gangara gefen titi ya kashe ta. Duk haushin da nake ji, tambayar ta soke ni, domin na san Yaya. Yana da son a ce ya sani, yana da taurin kai, amma ba zai cuci gwiwar Mama ba ko da za a ba shi garin nan. Ya juyo idonsa jajur.

"Wallahi Mama ban sani ba. Ina so ki dawo wurina, wannan ban ɓoye ba. Amma ba ta haka ba."

Ta gyaɗa kai. "Na ji, na kuma yarda. Amma kowa ya ɗebo da zafi bakinsa. Kai za ka lanƙwasa ta. Ba Auta ba, hannunta tausayi gare shi. Kai."

Washegari da sassafe sai ga shi da wandon ofis da takalmi mai ƙyalli. Ya yanko kusurwar wani kwalin sabulu, ya ce wannan ce alƙali. Mama ta zauna a bakin gado, ya durƙusa a gabanta, ya kama idon sawunta da hannu biyu ya tura baya a hankali yadda likita ta nuna masa, wannan karon da hannu. Ƙarar da Mama ta yi sai da mai gyaran takalmin da ke maƙwabtaka da mu ya leƙo ta taga. Yaya ya saki da sauri.

"Wa ya ce ka saki?" in ji ta, hawaye na zuba. "Ihu nawa ne, turawa taka ce. Kowa ya yi aikinsa."

Haka aka yi ta yi, safe da yamma. Ni ce mai gasa gwiwa da ruwan ɗumi kafin a fara, ni ce mai miƙa tawul ɗin da take cizawa. Mama ta zagi angulu, ta zagi Turanci da wanda ya ƙirƙiro shi, ta tuna wa Yaya duk wata jarrabawar lissafi da ya taɓa faɗuwa. Shi dai turawa yake, yana cewa sannu Mama, saura kaɗan Mama. In an gama sai ya saka kwalin nan a bayan gwiwa mu duka mu leƙa. Da farko tsakanin ƙafa da kwali hannuna na shiga har ya yi wasa. Daga baya sai yatsu uku. Akwai makon da gwiwa ta ƙi gaba, ta kumbura ta yi zafi, na ce a ɗan huta. Mama ta ce ta riga ta yi hutun shekara a makonnin da aka ɓata, a ci gaba.

Wandunan Yaya duk suka yi fari a gwiwa. Wata safiya na raka shi bakin mota, na ga duk ya rame. Na ce masa ya ci wani abu mana.

"Ba yunwa ba ce," ya ce. "Auta, ke ba ke kika same ta ba ranar da ta faɗi. Ni ne. Tana kwance tsakanin keke da bango tun hantsi, ta kasa tashi, ta ƙi kiran kowa wai kar a tayar mana da hankali. Tun ranar duk wayar da ta yi ƙara sai gabana ya faɗi. Wannan ce angle ɗina, in kina son sani."

Tausayinsa ya kama ni, don ban taɓa duban abin ta nan ba. Na ce, "To ai kai kake tura ta da hannunka. Duk yatsan da ya ragu a kwalin nan, nesa take ƙara yi da ɗakinka. Ka sani?"

"Na sani."

"Kuma kake dannawa da gaske haka?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Right ɗinta ne."

"Ka ce haƙƙi, Yaya, don Allah. Kar ka sake jawo mana wata."

Ya yi dariya, ya goge ido da bayan hannu, ya shiga mota.

Ranar da kwali ya zauna daram a bayan gwiwa, ko takarda ba ta shiga tsakani, Mama ba ta yarda mu yi murna ba. Ta ce kwali ɗan gida ne, zai iya yi mana kara, a bari ma'aunin likita ya yi magana. Muka je. Likita ta ɗora abin robarta, ta duba, ta juyo da shi ta nuna wa Mama lambar da yatsa. Casa'in har da 'yan kai. Ta ce wani abu tana dariya, Yaya ya buɗe baki zai fassara, Mama ta ɗaga masa hannu.

"Bar shi, Babba. Wannan na ji da kaina."

Ko mayafi ba ta cire ba da muka dawo. Ta wuce ɗakin waje ta yaye zanen da ke kan keke, ta hure ƙura, ta ɗiga mai a inda ya kamata, ta mayar da bel a kan ƙafarsa. Na jawo mata kujerarta ta katako. Ta dafa tebur ta sauka a hankali, gwiwar hagu ta naɗe tsaf kamar kusurwar ƙofa, tafin ƙafa ya sauka a kan feda. Ta ɗora ta dama a gefenta. Ta juya keke da hannu sau ɗaya, ta taka.

Ni dai da wannan ƙara na girma, da ita nake barci ina yarinya, amma ban san na yi kewarta haka ba sai da na ji ta cika ɗakin. Ƙafar dama kuwa, wadda ta sha horon banza, sai gudu take kamar an biya ta, ta hagu na bin ta a baya. Mama ta ce ashe dai wahala ba ta faɗuwa ƙasa. Mai gyaran takalmi ya buga tagar yana cewa barka, angulu ta tashi.

Yaya yana tsaye a bakin ƙofa da makullin mota a hannu. Murmushi yake, na gaske, amma na san abin da ke ƙarƙashinsa. Ya yi aiki da hannunsa ya kayar da kansa, yanzu zai koma gida ya wuce ta gaban ɗakin nan mai sabon fenti, ya ci gaba da jin faɗuwar gaba duk lokacin da waya ta yi ƙara. Ya ce, "To Mama, kin ci. Ni zan wuce."

Ta tsayar da keke da tafin hannu. "Dakata. Ɗakin nan naka, tagarsa nawa ce?"

"Ɗaya ce, babba."

"Tsawo da faɗi?"

Ya faɗa mata da ka, bai duba waya ba, bai yi ko jim ba. Mama ta kalle shi, ta kalle ni, ta sunkuyar da kai tana neman abin da bai ɓata ba a cikin aljihun keke.

"Ba yanzu zan zo ba," ta ce. "Ka ji da kyau, kar ka fassara min shi wani abu. Amma ɗakin da ake jirana a ciki ba zai zauna babu labule ba. Auta, miƙo min shuɗin yadin can na sama, wanda na hana kowa."

Na sauko da shi. Ta shimfiɗa a kan tebur, ta kama kusurwarsa ta daidaita, sannan ta miƙa wa Yaya bakin tef.

"Riƙe nan. Dama, Babba. Dama ta gaske."

Ya ajiye makullin mota ya riƙe.